An ce masa Abbansa ya yi tafiya, kullum yamma yana bakin ƙofa

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe a zauren nan ina karanta maganganunku ba na cewa komai, yau dai abin ya fi ƙarfina. Maigidana ya rasu, yau kwana 52. Jinyar kwana huɗu kawai ya yi. Ya bar ni da yara biyu, mace 'yar shekara 6 da namiji ɗan shekara 3 da rabi. Ranar da abin ya faru ban san inda kaina yake ba, aka kwashe yaran aka kai su wajen ƙanwata, sai bayan kwana uku aka dawo da su. Kafin su dawo manya sun riga sun ce musu Abba ya yi tafiya. Ni ma ban musa ba, don a lokacin ko sunansa aka ambata sai numfashina ya sarƙe.

Yanzu ƙaramin, duk yamma daidai lokacin da Abbansa ke dawowa daga aiki, sai ya ɗauko takalmansa ya saka, sau da yawa ma a juye, ya je ya tsaya a bakin ƙofa. Duk motsin da ya ji a waje sai ya waigo ya ce, "Umma, ga shi nan." Babbar kuwa ta daina tambaya sam, amma ta koma fitsarin kwance, abin da ta bari tun tana 'yar shekara 3. Shekaranjiya ta dawo daga makaranta ta ce wata yarinya ta ce mata Abbanta ya mutu an saka shi a rami. Ta tsare ni da ido ta ce, "Ƙarya take yi, ko Umma?" Wallahi na kasa cewa komai. Tashi na yi na shiga banɗaki na sake famfo na yi kukana.

Surukata ta ce in ƙyale su za su manta. Ni kuma zuciyata ba ta kwanta ba. In faɗa musu ne? In kuwa zan faɗa, da wane baki?

Goggon Yara: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya raya abin da ya bari. 'Yata, ki bi maganar surukarki. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ɗan shekara uku me ya sani game da mutuwa? Ki ɗora masa dutsen da ke kanki ba ki iya ɗauka ba? Yaro da mantuwa aka san shi. Nan da 'yan watanni zai daina zuwa ƙofar, in ya yi wayo shi da kansa zai gane.

Uwar Tagwaye: Allah ya ba ki haƙuri 'yar uwa. Hawaye nake yi ina karantawa. Ba ni da shawara, addu'a kawai.

Marayan Jiya: Goggo, ki yi haƙuri, ba rashin kunya zan yi miki ba, amma ni ne wannan yaron. Ina ɗan shekara 5 mahaifiyata ta rasu wajen haihuwa, aka ce min ta tafi asibiti mai nisa. Kusan shekara biyu ina jiranta. Gaskiyarki, na daina tambaya, manya suka ɗauka na manta. Ban manta ba. Na daina ne saboda duk wanda na tambaya sai fuskarsa ta canja, na gane tambayar tana ɓata wa mutane rai. Abin da nake rayawa a raina a shekarun nan biyu shi ne ta tafi ta bar ni saboda ƙiriniyata. Akwai wani kofin tangaran nata da na fasa kwanaki kaɗan kafin ta tafi, ta yi min faɗa sosai. Na ƙulla a raina cewa kofin nan ne ya kore ta.

A bakin wani ɗan ajinmu na ji gaskiya, ana cikin faɗa ya gora min. Yau shekarata 41, ina da 'ya'ya huɗu, amma har gobe in wani nawa ya ce zai yi tafiya sai cikina ya ɗuri ruwa. Mahaifina kuma, Allah ya jiƙansa, na daɗe ban sake yarda da maganarsa ba, ko a kan ƙaramin abu. Maman Biyu, 'yarki ta riga ta ji. Tambayar da ta yi miki ba ta neman labari ba ce, tana so ta san ko ke ma za ki ɓoye mata.

Goggon Yara: Ɗana, Allah ya jiƙan mahaifiyarka. Amma naka daban, shekararka 5. Ni ɗan ƙaramin nake ji.

Gaskiya Ɗaci: Ni abin da na gani a rubutun nan shi ne ƙarancin tawakkali. Kwana 52 kina shiga banɗaki kina kuka? Wanda ya ba ki shi ya karɓi abinsa. Ki daure ki share hawaye, yaran suna ganinki ne shi ya sa suka rikice.

Uwar Tagwaye: Haba malam! Mace ta zo da ciwonta kai kuma ka zo da gishiri? Ko takaba ba ta gama ba, wata huɗu da kwana goma ne, ita kwana 52 take. Ka taɓa rasa wanda kuke kwana ɗaki ɗaya?

Almajirin Malam: Ɗan uwa Gaskiya Ɗaci, a yi hattara da yanke wa mutane hukunci a kan imaninsu. Lokacin da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) yake gargarar mutuwa, yana jariri bai cika shekara biyu ba, Annabi ya ɗauke shi idanunsa suna zubar da hawaye. Abdurrahman bin Auf ya yi mamaki ya ce har kai ya Manzon Allah? Ya amsa masa da cewa wannan rahama ce, ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Annabi Yaƙub kuwa kukan rashin Yusuf ya yi har idanunsa suka yi fari, kuma shi ne ya ce haƙuri mai kyau. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yaga tufafi da marin fuska da maganar da ke nuna ƙin ƙaddara. Hawaye ba ya cikinsu.

Kan batun yaran kuma, akwai abin lura. Da Ja'afar bin Abi Ɗalib ya yi shahada a yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, Annabi da ƙafarsa ya je gidan Asma'u bint Umais ya ce a kawo masa 'ya'yan Ja'afar. Ya rungume su yana sunsunarsu, hawaye na zuba, a gabansu. Bai ce a kawar da su ba tukuna.

Gaskiya Ɗaci: Ni ban ce kuka haramun ne ba. Cewa na yi ta daure saboda yara.

Mai Kula da Zaure: An ji. Don Allah a tausasa harshe, mai jimami ce a gabanmu. Duk wanda ya sake taɓa imanin wani zan goge rubutunsa.

Malamar Reno: Shekara 14 ke nan ina koyar da 'yan ƙasa da shekara 6, kuma kusan kowace shekara sai an yi rashi a gidan wani ɗan ajina. Goggo tana da gaskiya a abu ɗaya: ɗan shekara uku ba zai fahimci mutuwa yadda muka fahimce ta ba. Amma tafiya fa ya fahimce ta sarai. Ya san wanda ya tafi yana dawowa, shi ya sa yake saka takalmi. Ke nan ba a sauke masa nauyi ba, an ba shi aikin jira ne, kullum yamma sai ya sake rasa ubansa.

Kalmomi uku nake roƙon iyaye su guje musu. Ta farko ita ce tafiya. Ta biyu barci. Na taɓa samun yarinyar da aka ce wa kakarta ta yi dogon barci, sai ta ƙi kwanciya, in uwarta ta yi gyangyaɗi sai ta hau buɗe mata ido da yatsa. Ta uku, kuma ita ta fi zame wa mutanen kirki tarko: "Allah ya ɗauke shi saboda yana sonsa." Babba ya san abin da ake nufi. Yaro kuwa lissafinsa miƙaƙƙe ne. Wani ɗan ajina ya taɓa ce min shi ba ya so Allah ya so shi, kuma kada ya so Mamansa. Sai da na zauna.

Haka in za ki ce rashin lafiya ce, ki ƙara da cewa ciwo ne mai tsanani ƙwarai wanda likitoci suka yi iya ƙoƙarinsu bai warke ba, ba irin mura ko zazzaɓin da muke yi mu warke ba. In ba haka ba, ranar da kika ce kanki na ciwo za ki ga tashin hankali.

Maman Biyu: Malama, wannan ta ƙarshen ta riga ta faru. Makon jiya na kwanta da ciwon kai, babbar ta zauna a gefen gadona har dare ta ƙi cin komai. Ban gane dalili ba sai yanzu.

Ɗalibar Halayya: Yaya, Allah ya ƙara miki dangana. Ina karatun ilimin halayyar yara ne, bari in ƙara a kan maganar Malama. Tun 1948 wata mai bincike a Hangari, Maria Nagy, ta tattauna da yara 378 'yan shekara 3 zuwa 10 a birnin Budafes kan yadda suka ɗauki mutuwa. Ta tarar 'yan ƙasa da shekara 5 suna ganinta kamar tafiya ko barci, abu ne da ake dawowa daga gare shi. Binciken da aka yi daga baya ya nuna abubuwa huɗu ne yaro ke haɗawa kafin ya gane ta: ba a dawowa, jiki ya daina aiki gaba ɗaya, kowa zai mutu, kuma akwai sanadin da ke kawo ta. Yawancin yara tsakanin shekara 5 zuwa 7 suke haɗa su. To 'yarki tana daidai wannan gaɓar, za ta gane. Ƙaramin kuwa za ki faɗa masa yau, gobe ya ce yaushe zai dawo. Ba wai bai ji ba ne, kuma ba ke kika kasa bayani ba. Ƙwaƙwalwarsa ce ba ta kai nan ba tukuna. Za ki maimaita sau talatin, da kalmomi iri ɗaya.

Fitsarin kwancen kuma abu ne sananne. Yaron da ya shiga firgici yakan koma baya: tsotsar yatsa, maganar jarirai, manne wa uwa, tsoron duhu. Kada a yi mata faɗa ko gori, a shimfiɗa leda a ƙarƙashin zanin gado a yi shiru. Sai dai in tana kukan zafi wajen fitsari, ko tana yawan shan ruwa fiye da da, a kai ta a duba, kada a jingina komai ga alhini.

Sannan abin da Yaya Marayan Jiya ya faɗa game da kofi, kusan duk yaro ɗan wannan shekarun yana da kofinsa. Suna ɗauka tunaninsu ko laifinsu na iya jawo abu ya faru. Ko ba ta furta ba, ki ce mata ba abin da ta yi ko ta faɗa da ya jawo rasuwar.

Goggon Yara: Ku 'yan boko komai sai kun ce bincike. Mu da muka raini yara goma-goma ba mu karanta Hangari ba, kuma ga su nan sun girma lafiya.

Marayan Jiya: Goggo, ni ma in kika gan ni cewa za ki yi na girma lafiya.

Baban Auta: Ban cika magana a nan ba, amma wannan ta taɓa ni. Matata ta rasu shekara uku da suka wuce, ta bar min yara uku, autar tana da shekara 4 a lokacin. Ni na faɗa musu da bakina a daren, don ba wanda zai yi min. Ba na alfahari da yadda na yi, rawar murya na yi ta yi, ƙarshe babban ɗana ne ya ƙarasa maganar. Amma ga abin da ban zata ba: autar ta saurara, ta yi shiru kamar minti ɗaya, sai ta ce za ta je ta yi wasa. Ta fita tana tsalle. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce yarinyar nan ba ta damu da uwarta ba. Bayan kwana tara, ina ɗaure mata igiyar takalmi, ta fashe da kukan da ban taɓa ji ba, wai ba haka Mama take ɗaurewa ba. Kusan awa guda tana yi.

Daga nan na gane su ba sa zama cikin baƙin ciki yadda muke zama. Shiga suke su fita, kamar mai taɓa ruwan zafi da yatsa. To ƙanwata, in kin faɗa musu kika ga sun koma wasa, kada ki ce ba su ji ba, kada kuma ki ji haushi.

Kuskuren da na yi wanda har yau yake ci na: na bar 'yan uwa suna ce wa babban, ɗan shekara 10, "kai ne babba yanzu, ka riƙe ƙannenka, kada ka yi kuka." Ya riƙe ɗin kuwa. Shekara guda bai zubar da hawaye a gabana ba, sai a shekara ta biyu karatunsa ya zube, ya fara faɗa a makaranta. Kada ki bari a naɗa wa 'yarki rawanin da ya fi kanta. Shekararta 6.

Ɗalibar Halayya: Baban Auta, abin da ka gani a ɗanka an gan shi a wani bincike da William Worden da Phyllis Silverman suka jagoranta a Jami'ar Harvard a Amurka. Yara 125 'yan shekara 6 zuwa 17 da suka rasa uwa ko uba aka bibiya tsawon shekara biyu. Wasu yaran damuwarsu ba ta fito fili ba sai a shekara ta biyu, lokacin da kowa ya ɗauka an wuce wurin. Kuma cikin abubuwan da suka fi nuna yadda yaro zai kasance akwai halin da mahaifin da ya rage yake ciki, wato ko yana iya tafiyar da gida da kula da su. Shi ya sa nake cewa Yaya Maman Biyu, kula da kanki yana cikin kula da su. Kina barci kuwa? Kina cin abinci?

Maman Biyu: Barci sai wajen ƙarfe uku, in farka biyar. Abinci ina turawa dai. Abin da ya fi damuna shi ne saurin fushi. Jiya na daka wa ƙaramin tsawa don ya zubar da ruwa, ya tsaya yana kallona kamar bai san ni ba. Wata ƙawata ta turo min wani rubutu wai matakai biyar ne na baƙin ciki, ana bin su ɗaya bayan ɗaya har a kai ga dangana. Ni kuwa da safe na dangana, da rana ina fushi, da dare ina jin kamar zai turo ƙofa. Sai nake ganin ko ni ce ba daidai ba.

Ɗalibar Halayya: Lafiyarki ƙalau Yaya. Matakan nan biyar daga Elisabeth Kübler-Ross suka fito a 1969, kuma marasa lafiyar da ke dab da mutuwa ta yi nazari a kansu, ba waɗanda aka mutu aka bari ba. Daga baya mutane suka mayar da su kamar matakalar bene. Abin da ya fi kama da rayuwa shi ne bayanin Margaret Stroebe da Henk Schut na ƙasar Holan a 1999: mai jimami kai-komo yake yi tsakanin fuskantar rashin da kuma fuskantar hidimar rayuwa, yanzu yana kuka, an jima yana lissafin kuɗin makaranta, har ma ya yi dariya. Kai-komon nan shi ne lafiyar.

Nas Mai Dare: Ina aikin jinya. Ƙanwata, kwana 52 ba komai ba ne, duk abin da kika lissafa ana ganinsa. Amma ki riƙe waɗannan. In kika kai ga ba kya iya tashi ki yi wa yaran hidima kwata-kwata, ko rashin barcin ya ci gaba makonni a haka, ko tunanin cutar da kanki ko bin sa ya fara zo miki, kada ki jira, ki ga likita a ranar, ki kuma faɗa wa wani na kusa da ke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka doguwar damuwar rashi cikin jerin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, amma ba a ma fara maganarta sai an haura aƙalla wata shida mutum na nan cikin tsananin da ya hana shi rayuwa. Ga yaran kuma, abin dubawa shi ne ramewa, ƙin wasa gaba ɗaya na makonni, mugun mafarki kullum, ko yawan cewa suna so su mutu su je wajensa.

Ki samu mutum ɗaya da zai riƙa karɓar yaran awa biyu ki kwanta. Masu cewa "in kina buƙatar wani abu ki faɗa" da gaske suke, ba su san me za su yi ba ne. Ki ba su aiki da sunansa.

Tsawar kuma, ki je ki ce masa "ka yi haƙuri". Ki ce Umma ba ta jin daɗi ne, ba laifinka ba ne. Yara suna karɓar ban haƙuri fiye da manya.

Uwar Tagwaye: Ni tambayata, kayansa fa? Wata maƙwabciyata da aka yi mata rashi, a mako guda aka kwashe komai har hotuna, wai kada yara su riƙa tunawa.

Baban Auta: Abin da za a raba na gado daban, wannan haƙƙi ne. Amma ni na roƙi a bar wa kowane yaro abu ɗaya a cikin rabonsa. Autar mayafin uwarta ta ɗauka. Wata shida tana kwana da shi, ta hana a wanke don ƙanshin. Ranar da wata 'yar uwata ta wanke shi bisa kuskure, kamar an sake yin rasuwar. Yanzu yana cikin akwatinta, takan ciro ta duba ta mayar. Akwai kuma saƙonnin murya na WhatsApp. Ku kwafe su ku adana a wani wuri tun yau, waya tana lalacewa. Ni na rasa rabin nawa da wayar ta faɗa ruwa.

Almajirin Malam: Wani abu ya faɗo min. Anas bin Malik yana da ƙane ƙarami, Abu Umair, mai ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Tsuntsun ya mutu, yaron ya shiga damuwa. Annabi (SAW) da ya gan shi bai ce yaro ne zai manta ba, tsayawa ya yi ya tambaye shi labarin tsuntsun. Tsuntsu fa. Kuma shi kansa ya san maraici: mahaifinsa ya rasu kafin a haife shi, mahaifiyarsa ta rasu a Abwa yana ɗan shekara 6, sa'ar 'yarki, kakansa kuma yana ɗan shekara 8. Ki ba ta wannan labarin in ta natsu. Ke kuma ki riƙe addu'ar Ummu Salama, ita ma da ƙananan yara Abu Salama ya bar ta.

Goggon Yara: Na yi shiru tun ɗazu ina karantawa. Bari in faɗi abin da ban taɓa faɗa ba. Ɗana na uku ya rasu yana ɗan shekara 2, yayarsa tana da 5. Ni ce na ce mata an kai shi wajen kakarsu. Ba don ita na faɗa ba, yau na yarda, don kaina ne. Bakina ne ya kasa furta kalmar. Yanzu tana da 'ya'yanta, ba mu taɓa zancen ba ko sau ɗaya. Ban san me ta ƙulla a ranta ba.

Amma duk da haka 'yata, ina nan kan abu ɗaya: kada ki tsallake surukarki. Ita ma ɗa ta rasa, ɗan da ta haifa. In ta ji a bakin jikokinta cewa kin ƙaryata ta, za a samu tsagewar da ba ta ɗinkuwa, kuma yaran nan suna buƙatar dangin ubansu. Ki je ki same ta tukuna.

Marayan Jiya: Wannan gaskiya ne Goggo, ban yi tunaninsa ba. Kuma 'yarki tana nan da rai, ba a makara ba.

Malamar Reno: Na goyi bayan Goggo. Ga yadda nake ba iyaye shawara su yi. Ki zaɓi safiya ko rana, ba dab da barci ba. Ki fara da babbar ita kaɗai, tunda ita ta yi tambaya. Ku zauna a ƙasa, jikinki na taɓa nata. Ki ce, "Kin tambaye ni rannan ban amsa ba. Abba ya rasu, ya mutu. Jikinsa ya daina aiki, ba ya numfashi, ba ya jin zafi ko yunwa, kuma ba zai dawo ba." Ki faɗi kalmar mutuwa ɗin, don ita ta ji a makaranta. Sai ki yi shiru ki bar ta ta ja zancen. Abin da ta tambaya ki amsa, wanda ba ta tambaya ba ki bar shi sai wani jiƙon. In ta tambayi ramin, ki ce e, jikinsa aka binne, kuma ba ya jin duhu ko tsoro irin wanda take ji. In ta ce me ya sa aka ce tafiya ya yi, ki ce manya sun ruɗe ne don baƙin ciki, ba su san yadda za su faɗa ba. Da haka kin wanke kakarsu. In ta ce ke ma za ki mutu, kada ki rantse mata ba za ki mutu ba. Ki ce kowa zai mutu wata rana, amma lafiyarki lau, kina fatan ki daɗe tare da su, sannan ki lissafa mata mutanen da ke sonta da sunayensu. In kuka ya zo miki ki yi, ki ce kewar Abba ce, zan daina an jima. Lokacin barci da na makaranta kuma a bar su yadda suke. Ki sanar da malamarta.

Maman Biyu: Na gode, Allah ya saka wa kowa da alheri. Zan dawo in gaya muku.

Maman Biyu: Salam. Kwana biyar ke nan. Na fara zuwa wajen surukata kamar yadda Goggo ta ce. Da farko ta ɓata rai, sai na gaya mata zancen takalmin. Ashe ba ta sani ba. Ta yi kuka sosai ta ce in yi abin da na ga ya dace, amma ita ba za ta iya zama a wurin ba.

Na faɗa wa babbar ranar Asabar da hantsi. Ban kai ƙarshe ba ta ce, "Na sani." Ta ce tun ranar da aka dawo da su ta ga takalman Abbanta duka suna nan, kuma ba a tafiya ba takalmi. Sai ta yi ƙasa da murya ta ce wai ranar da yake kwance ya ce ta rage surutu kansa na ciwo, ita kuma ba ta daina ba. Kwana hamsin da wani abu yarinyar nan tana ɗauke da wannan ita kaɗai. Yaya Marayan Jiya, ga kofinta. Na rungume ta na yi ta maimaita mata ba ita ba ce, muka yi kuka tare har rigata ta jiƙe. Ta zaɓi agogonsa. Fitsarin bai tsaya ba, amma jiya ta tashi a bushe.

Ƙaramin kuwa na faɗa masa ya ce to, ya ci gaba da tura motarsa. Yau da yamma ya sake saka takalman. Wannan karon ban ɓuya a ɗaki ba, na je na zauna kusa da shi a bakin ƙofar. Ya ce, "Abba ya mutu ko?" Na ce e. Ya ce, "Gobe fa?" Na ce gobe ma. Ya ɗan yi shiru, ya cire takalmi ɗaya, ya ce in ba shi ruwa.

Malamar Reno, malamar ajin babbar ta ce in zo ranar Litinin. In roƙe ta ta yi wa yarinyar da ta faɗa mata magana, ko in bar zancen?

Malamar Reno: Ki bar yarinyar, abin da ta ji a gida ta faɗa. Ki dai roƙi malamar ta ba 'yarki izinin fita ta sha iska duk lokacin da ta ji abin ya taso mata, ba sai ta yi bayani a gaban aji ba. Kuma in za a ba su aikin zana 'yan gidansu, ta sanar da ke kwana ɗaya kafin nan.

Goggon Yara: Na kira 'yata jiya. Ta ce ta sani tun a ranar, ta ga lokacin da aka fita da shi.